Zakkar gero: a bakin gona ko sai an kai rumbu?

Manomi na farko tun a gona yake ƙirga: dami tara nasa, na goma gefe, kuma mai manyan zangarniya da ido ya cika yake warewa. Suratul An'am, aya ta 141, ta ce a ba da hakkin amfani ranar girbinsa. Ɗaya cikin goma ne a noman damina, mai ban ruwa da inji rabin haka.

Na biyu yakan ce a kai rumbu tukuna. Ba mugu ba ne, amma rumbu baki gare shi: biki, bashin taki, kuɗin makaranta. Kafin bazara saura na ƙasa da gara ta taɓa, alhali Baƙara 267 ta hana zaɓar lalatacce a bayar.

Ni hanyar na farko nake bi, don marayun unguwarmu tun kaka suke zuba ido.