Guntaye 1,000 da dodon teku ɗaya

Ƴata ce ta nace sai na sayo mata wasan haɗa hoto. Da na ga kwalin wannan kuwa, son zuciyata ne ya yi zaɓin: jirgin ruwa mai filafilai, ga dodon tekun nan na almara, Kraken, ya nannaɗe shi da hannuwa har ƙololuwa. Guntaye 1,000 ne. Mun ɗauka aikin kwana uku ne, sai da ya ci mana mako uku.

Zanen tsoho ne, na Bafaranshe Pierre Denys de Montfort, wanda ya fito a 1801. Ya ɗauko shi daga labarin wasu matuƙa na garin Saint-Malo da suka ce dodon ya far musu a gaɓar Angola. An buga shi da kyau ƙwarai. Idon dodon, ƙato kamar faifai, shi muka fara haɗawa. Hannuwan nan masu jerin ƙoƙuna su ne daɗin wasan, kana bin ɗaya sai ya ɓace a bayan igiya ya ɓullo ta wani gefen. Kwalin guntayen ma yana da kauri, ko da yarinyar ta tura wani da ƙarfi inda ba gurbinsa ba, bai lanƙwashe ba.

Sararin sama da ruwan kam azaba ne. Duk toka-toka, kuma yankan guntayen kusan iri ɗaya, sai ka sa guntu ya zauna daram, bayan kwana biyu ka gane ba muhallinsa ba ne. A nan ƴata ta gudu ta bar ni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƴar takardar da ke ciki: layi biyu kacal, wai "dodon almara". To ai da ta tambaye ni, "Abba, da gaske akwai shi?", layi biyu ba za su fitar da ni ba. Sai da na zauna na ba ta labarin masuntan Norway, da bishop ɗin birninsu na Bergen, Erik Pontoppidan, wanda ya rubuta a shekarun 1750 cewa bayan dodon kamar tsibiri yake, kuma in ya nutse ruwa kan yi juyin da zai haɗiye jirgi. Sannan a 1857 masanin Denmark Japetus Steenstrup ya raɗa wa wata ƙatuwar halittar teku suna Architeuthis, wadda ake ganin ita ce tushen labarin. Ba a samu hotonta da rai a zurfin teku ba sai 2004, a ruwan Japan.

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara goma, kada a saya, zai gaji. Namu yana nan mun manne shi, guntu ɗaya na sararin sama ya ɓata, kuma har yau ita tana cewa ni na yar.