Kafin ka sayi kamara don ɗaukar kumba da kaguwa a bakin teku

Wani ƙanina ya tambaye ni wai wace kamara zai saya, shi ma yana so ya fara ɗaukar irin hotunan da nake ɗauka a Tarkwa Bay, bakin tekun nan na Legas da ake zuwa da kwalekwale, wato kumba, ƙafar kaguwa da ta bushe, guntun icen da ruwa ya turo, tsohuwar igiyar masunta. Na ce masa malam tsaya tukun, ba kuɗinka ne zai zaɓa maka ba, gishiri da yashi ne.

Waya dai ita ce a hannun kowa. iPhone samfurin Pro tun daga 13 Pro ta 2021 tana matsawa har santimita 2 kusa da abu, layukan bayan kumba su fito ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan makro (kamarar ɗaukar abu kusa-kusa) mai megapixel 2 kacal da ake liƙa wa ƙananan wayoyi, kar ka biya ko sisi saboda shi, gara ƙaramin lens ɗin nan da ake maƙalawa. Kuma IP68, alamar jure ruwan waya da ake ta kuri da shi, da ruwan daɗi aka gwada, ba na teku ba.

Sai babbar kamara, tokumbo (wadda aka yi amfani da ita) a Computer Village, kasuwar kayan lantarki ta Legas, irin su Canon 600D ko Nikon D3300. Gaskiya hotonta ya fi, bayan abin ya narke luf kamar man shanu. Matsalar ita ce lens ɗin 50mm f/1.8 na Canon da kowa ke saya ba ya kama abin da ya fi santimita 35 kusa, dole ka ƙara masa zoben da ake sawa tsakaninsa da kamara ko ka nemi 100mm makro, shi kuma kuɗi ne ba wasa ba. Ni tawa a nan ta ga ta kanta, na durƙusa ina saita wata kaguwa, igiyar ruwa ta zo ta baya ta watsa mana, na goge da riga na ce ai ba komai, bayan sati biyu maɓallai suka ƙi dannuwa, mai gyara ya buɗe ya nuna min tsatsa kore shar.

Shi ya sa na koma ƙaramar kamara Olympus TG-6 ta 2019. Tana shiga ruwa har mita 15, tana ɗauka daga santimita 1, kuma tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da guda wanda ko'ina ya fito tar. Ka ajiye ta kan jiƙaƙƙen yashi abinka, in ka dawo gida ka tsoma ta a bokitin ruwan famfo. Da duhu ne take ba da kunya, sensarta (abin da ke karɓar haske a ciki) ƙarama ce, to amma ni da sassafe nake fita lokacin da ruwa ya janye, haske ya ishe ni.

Ƙanin nawa dai na ce ya fara da wayarsa wata uku, ya sayi jakar roba da farin kwali na mayar da haske, in har yana iya tashi da asuba ya kama kwalekwale to sai mu yi maganar TG.