Faifai, takardar kiɗa ko littafi: me za ka fara saya na Maude Valérie White?

Duk wanda ya taɓa jin yadda mai tsara kiɗa Maude Valérie White ta ɗora wa baitocin marubucin waƙoƙi na Ingila Lord Byron kiɗa a waƙar "So we'll go no more a-roving" ta 1888, zai so ya mallaki wani abu nata. An haife ta a Dieppe ta Faransa a 1855, iyayenta Turawan Ingila ne. Ta yi karatu a Royal Academy of Music da ke Landan a hannun George Macfarren, kuma a 1879 ta zama mace ta farko da ta ci tallafin karatu na Mendelssohn. A Landan ɗin ta rasu a 1937.

Ni dai shawarata, fara da kunne. Waƙoƙinta na murya ɗaya ne da piyano, daɗinsu kuwa yana cikin dogon numfashin da mawaƙi ke ja, abin da takarda ba za ta nuna wa sabon shiga ba. Faifan da na fi amincewa da shi shi ne In Praise of Woman na kamfanin Hyperion, Anthony Rolfe Johnson na rerawa, Graham Johnson na kaɗa piyano. Sai dai a sani, ba nata ba ne ita kaɗai: an haɗa ta da su Liza Lehmann da Ethel Smyth da wasu mata, don haka kasonta kaɗan ne. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin a nan ne za ka ji bambancinta da tsararrakinta.

Takardun kiɗa kuwa, a nan mutane ke yin asarar kuɗi. Tsofaffin bugu na zamanin Sarauniya Victoria suna da ɗaukar ido: manyan shafuka, takarda ta yi ja-ja, wani lokaci har da sunan mai ita na farko rubuce da tawada a saman bango. Amma masu ɗab'in lokacin sukan fitar da waƙa ɗaya a matakan murya biyu ko uku, na mai siririyar murya daban, na mai kauri daban, kuma a bangon ake rubuta wanne ne. In ba ka duba ba, sai ka biya kuɗin aikowa daga Ingila, ta iso, ka ga muryarka ba ta kaiwa. Ka nemi mai sayarwa ya turo hoton bango da na shafin ƙarshe, don shi ne ya fi yagewa ko ɓacewa.

In rerawa kake son yi, ba ajiye kayan tarihi ba, haƙƙin mallakar kiɗanta ya riga ya ƙare a yawancin ƙasashe. Leƙa shafin IMSLP a intanet, wato taskar takardun kiɗa, ka sauke abin da ke akwai kyauta, ka kai a buga maka. Ka yi hattara da masu ɗaukar hoton waɗannan tsofaffin shafuka su ɗinke su sayar da sunan sabon bugu. Sau da yawa rubutun dishi-dishi yake fitowa.

Saura littattafai. Ta rubuta tarihin rayuwarta har sau biyu, Friends and Memories a 1914 da My Indian Summer a 1932. Na farkon shi ya fi dacewa da mai son sanin yadda ta taso, da karatunta, da zuwanta Chile bayan rasuwar mahaifiyarta. Na biyun sai wanda ya riga ya shaƙu da ita. Wanda kuma yake son ganin ta a jerin sauran mata masu tsara kiɗa, littafin Sophie Fuller na 1994, The Pandora Guide to Women Composers, ya ishe shi.

Da kuɗin abu ɗaya kawai nake da shi, faifan zan ɗauka, in sauke takardar waƙar Byron ɗin, in riƙa bin ta da yatsa yayin da Rolfe Johnson ke rerawa.