His Majesty's na Landan ko Majestic na New York?

Gidajen nan biyu na wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe, wasa ɗaya ne ya haɗa su: The Phantom of the Opera na Andrew Lloyd Webber. An fara nuna shi a Landan a watan Oktoba na 1986, sannan ya tsallaka teku zuwa Majestic a Janairun 1988.

Wajen tsufa, na Landan ya yi wa Majestic fintinkau. Tun 1705 ake wasa a filin nan na titin Haymarket. Gobara ta cinye gidan wasan sau biyu, a 1789 da 1867, ginin da ke tsaye yanzu kuwa na 1897 ne. Sunansa ma bin gadon sarauta yake yi: idan mace ce ke mulki Her Majesty's ne, da aka naɗa Sarki Charles a 2023 sai ya koma His Majesty's. A nan wasan Chu Chin Chow ya fara a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya, aka nuna shi sau 2,238.

Majestic yaro ne a gabansa, a 1927 aka buɗe shi. Sai dai ya fi ɗaukar mutane, kuma wasannin Carousel a 1945 da South Pacific a 1949 duk a can aka fara su. Phantom ya shekara 35 a cikinsa kafin a daina nuna wasan a Afrilun 2023.

Ni dai in kuɗin jirgi ɗaya gare ni, Landan zan nufa, ko don in ga wasan a gidan da aka haife shi.