Hattara masu shirin fodkas: yawancin masu yabonku ta imel ba su taɓa sauraronku ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shirin fodkas, da masu ɗora hirarraki a YouTube da Facebook. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, amma abin da ya sami wata 'yar uwarmu kwanan nan shi ya sa na ga shiru ba zai yi ba.

Bari in fara da kaina. Wata huɗu da fara shirina, lokacin ina naɗar murya da sha ɗayan dare bayan maƙwabta sun kashe janareta, masu saurarona ba su cika ɗari biyu ba, sai na tashi da asuba na tarar da imel cikin Turanci. Mai saƙon ya kira sunan shirin daidai, ya taya ni murna, wai na kai matsayi na 14 a jadawalin Apple Podcasts. Allah ya sani na ji daɗi har cikin raina, na nuna wa maiɗakina tun ba a ɗora ruwan shayi ba. Sai da hantsi ya dubi ludayi na sake karantawa a natse, na ga ashe a ƙasar Fiji ne, cikin wani ƙaramin rukuni, kuma can ƙasan saƙon ga tayin in riƙa biyan kuɗi duk wata domin a dinga sanar da ni matsayina.

Lambar ba lallai ƙarya ba ce, kuma a nan dabarar take. Apple na da jadawali daban ga kowace ƙasa cikin ƙasashe sama da 170, kowace kuma an kasa ta rukuni-rukuni: addini, ilimi, tarihi, wasanni, kasuwanci, da ƙananan rukunai a ƙarƙashinsu. A ƙasar da masu amfani da manhajar ba su taka kara sun karya ba, mutane ƙalilan su bi shirinka cikin mako guda ya isa ya cilla ka sama na kwana ɗaya ko biyu. Manhaja ce ke zagaya waɗannan jadawalai, ta tsinto sunayen shirye-shirye, ta cusa su cikin wasiƙa iri ɗaya, ta watsa wa dubban mutane. Babu ɗan Adam ɗin da ya zauna ya taya ni murna.

Za ka ce to ina suka samu adireshina? Kowane shirin fodkas yana tafiya ne a kan wani fayil da ake kira RSS, wanda kamfanin da ke ajiye maka shirin yake haɗawa, daga nan ne Apple da Spotify da sauran manhajoji ke ɗaukar sababbin fitowa. Fayil ɗin a buɗe yake, kowa na iya karanta shi, kuma shekara da shekaru ana sanya imel ɗin mai shiri a ciki. Sunanka, sunan shirin, taken kowace fitowa, duk suna nan a jere kamar kaya a kan tire. A 2022 Apple ta sanar cewa za ta daina buƙatar imel a cikin fayil ɗin, kamfanonin ajiya da dama kuma suka fara ɓoye shi, amma wanda aka riga aka kwashe nasa ya shiga jerin da ke yawo hannu-hannu.

Shi ya sa idan saƙo ya zo yana cewa "na saurari fitowarka ta jiya mai taken kaza, ta taɓa zuciyata", kada ya ruɗe ka. Mu masu shiri da Hausa ma muna da ma'auni mai sauƙi. Mutum daga Amurka ko Indiya, wanda ko sannu bai iya ba, ya ce hirar minti arba'in da ka yi kan tsadar taki ta sa shi ƙwalla? Na taɓa mayar wa wani amsa da tambaya ɗaya: wace magana ce baƙona ya faɗa da ta fi burge ka? Amsar da ta dawo ba ta ko kalli tambayar ba, jerin farashi kawai aka turo. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, wasu kan iya tsakuro jimla ɗaya ko biyu daga bayanin da ka rubuta a ƙarƙashin shirin su yi ado da ita, don haka ko yabon ya yi kama da na gaske, ka duba abin da ke biye da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai masu cewa "kwamitinmu ya zaɓi shirinka cikin fitattu 25". Abin da suke so shi ne ka liƙa tambarinsu a shafinka ka tallata su kyauta, daga baya a ce maka in kana son hawa sama sai ka biya. Akwai masu lambar yabo: gasar da ba ka taɓa shiga ba, an ce ka lashe, saura kuɗin kambu da kuɗin aikowa. Gasa ta gaskiya ko da tana karɓar kuɗin shiga, a fili take faɗa tun kafin alƙalanci, kuma za ka ga sunayen alƙalanta da waɗanda suka ci a bara.

Sai masu "za mu ɗora shirinka a manyan manhajoji talatin". Jama'a, shigar da shiri Apple Podcasts kyauta ne, Spotify ma haka, aikin 'yan mintoci ne da kanka. Saƙon da ya zo mini kwanan baya har da alƙawarin sanya ni a Google Podcasts da Stitcher. An rufe Stitcher tun watan Agustan 2023, Google Podcasts kuma ya bi sahu a 2024. Wanda ke sayar maka da rumfa a kasuwar da ta tashi, ka san ko dai bai san sana'ar ba ko kuma ya raina maka hankali.

Wanda ya fi jan matasanmu shi ne na sayen masu sauraro: ka biya dala kaza, a kawo maka saukewa (wato adadin da aka sauke shirin a waya ko kwamfuta) dubu goma cikin mako guda. Lambobin za su iya hawa, ba na musu. Sai dai na'urori ne ko wayoyin haya ke taɓa fayil ɗin su wuce. Ƙa'idar ƙidaya ta IAB, ƙungiyar masu harkar talla a intanet, wadda manyan kamfanonin ajiya ke bi, tana lissafa saukewa ne idan an ja aƙalla minti ɗaya na sautin, kuma wannan ƙofar ce masu wayo ke bi. A 2022 kafar labarai ta Bloomberg ta fallasa yadda har manyan kamfanonin fodkas a Amurka ke sayen saukewa ta hanyar tallan da ke cikin wasannin waya irin su Subway Surfers, inda ɗan wasa ke latsa shiri domin ya samu ladan wasa, ba don yana son ji ba. To me ka saya ke nan? Ranar da kuɗinka ya ƙare lambar za ta dawo inda take, lissafinka na gaskiya ya gurɓace ba ka ƙara sanin wace fitowa mutane suka so ba, in kuma ka kai wa mai talla waɗannan lambobi ka karɓi kuɗinsa, kai ma ka ci haram. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin mutumin kirki ne ake mayarwa mazambaci bai ankara ba.

Duk waɗannan kuɗi kaɗan suke ci. Masu zuwa da sunan ɗaukar nauyi su ne ke raba mutum da guminsa gaba ɗaya.

Saƙo zai zo da sunan wani sanannen kamfani, wai suna son talla a shirinka, za su biya dala dubu biyu. Tsaya ka yi lissafi. A kasuwar fodkas ana sayar da talla ne bisa kowace saukewa dubu, farashin da aka saba ji kuma bai wuce dala ashirin da 'yan kai ba. Shirin da mutum ɗari uku ke saurare, tallansa bai kai dala goma ba. Wane ɗan kasuwa ne zai biya dubu biyu a kan abin dala goma? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da ka amsa, sai a turo maka "takardar yarjejeniya" ko "manhajar da za ka gwada", sau da yawa a ƙunshe cikin fayil mai kalmar sirri, domin kada na'urar tsaro ta leƙa ciki. Kana buɗewa a kwamfuta, ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓoye a ciki za ta kwashe bayanan da burauza (manhajar da kake shiga intanet da ita) ke ajiyewa na shaidar cewa ka riga ka shiga asusunka. Da wannan shaidar ɓarawo ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba ya buƙatar lambar da ake turo maka ta waya.

Ba tatsuniya nake ba ku ba. A watan Oktoban 2021 sashen binciken barazana na Google ya fitar da rahoto kan wannan damfara da ake yi wa masu tashoshin YouTube: sun gano asusun bogi kusan 15,000 da adireshin shafuka sama da 1,000 da aka buɗe domin aikin, kuma tashoshin da aka sace ana sayar da su daga dala 3 har zuwa 4,000 gwargwadon yawan mabiya. A watan Maris na 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta ƙasar Kanada, mai mabiya sama da miliyan 15, tashar da aikinta ke nan koyar da harkar kwamfuta. Wani ma'aikacinsu ne ya buɗe fayil ɗin tayin talla mai kama da PDF, cikin dare aka sauya wa tashar suna aka koma tallan damfarar kuɗin kirifto. Su sun samu tasu ta dawo cikin sa'o'i saboda duniya ta san su. Ni da kai wa zai ɗaga mana waya?

Yanzu ga labarin 'yar uwar da na ambata, da izininta nake faɗa. Shekara biyar tana gina shafinta na Facebook, inda take ɗora hirarta da mata masu sana'a, masu ƙuli-ƙuli, masu turaren wuta, masu ɗinki. Aka aiko mata imel cewa wani fitaccen mai shiri a Amurka yana gayyatarta hira kai tsaye, har da ladan halarta. Suka sa ranar "gwajin na'ura". Wani mutum mai ladabi ya kira ta ta bidiyo, ya ce ta nuna masa fuskar kwamfutarta, ya riƙa yi mata jagora cikin saitin kasuwanci na shafin: latsa nan, karɓi wannan gayyatar, kwafo wancan adireshin ki turo mini. Ta ce mini, "Yaya, ko sau ɗaya bai tambaye ni kalmar sirri ba, shi ya sa hankalina ya kwanta." Bai buƙace ta ba. Da hannunta ta ba shi matsayin mai gudanar da shafin. Kafin la'asar an cire ta, washegari an cika shafin da bidiyoyin da ba za ta so 'ya'yanta su gani ba, matan da suka amince mata suka ba ta hira suna ta kiranta suna tambayar lafiya. Da ta zo gidanmu ba kuɗin da aka yi mata alƙawari take kuka a kai ba, sunanta take kuka.

Hira ta gaskiya ba ta buƙatar ka buɗe saitin shafinka. Mai gayyata adireshin shiga kawai zai turo, ka shiga ka yi maganarka. Haka nan Spotify kan aika lamba zuwa imel ɗin da ke cikin RSS idan ana son tabbatar da mai shiri. Duk wanda ya ce ka turo masa wannan lamba domin "ya taimaka maka", ka ɗauke shi kamar mai kiran waya yana neman lambar da banki ya turo maka.

Ni dai ga yadda nake yi yanzu. Ba sunan da ya bayyana a saman saƙo nake dubawa ba, adireshin da ke ƙarƙashinsa nake buɗewa. Babban kamfani ba ya neman talla da Gmail, kuma sau da yawa za ka ga an ƙara harafi ɗaya ko wata kalma a jikin sunan kamfanin na gaskiya. Ina lura da saƙon da aka yi wa take kamar amsa ce ga wata tsohuwar hira alhali ban taɓa rubuta musu ba, da wanda ke cewa tayin zai ƙare cikin sa'o'i 24, da wanda tun a layi na biyu yake so mu koma WhatsApp ko Telegram. In tayin ya yi kama da na gaske, ba na amsawa ta cikin saƙon. Shafin kamfanin nake nema da kaina, in rubuta musu ta adireshin da suka wallafa in tambaya ko su ne. Na yi haka sau uku, biyu suka ce ba su san zancen ba. Fayil kuwa ba na buɗe shi a kwamfutar da nake shiga asusun shirin da ita. Na kuma buɗe imel daban na shiri kaɗai, wanda ba shi da alaƙa da bankina, sannan na shiga saitin kamfanin ajiyata na ɓoye adireshin daga RSS. Duk wannan bai ci mini rabin sa'a ba.

Ba kowane mai aiko da tayi ne ɓarawo ba. Akwai masu tace murya da masu zane na gaskiya da ke neman abinci ta imel, na ma yi aiki da ɗaya. Shi tun farko ya faɗi sunansa da farashinsa, ya nuna aikin da ya yi wa wasu, bai fara da cewa ni ne gwanin duniya ba.

Wanda ya riga ya buɗe irin wannan fayil, ya cire kwamfutar daga intanet nan take, ya ɗauki wata na'urar daban ya sauya kalmomin sirrinsa, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, sannan ya duba jerin masu gudanar da shafinsa ko an ƙara baƙon suna. In kuɗi ne suka fita, a kira banki a ranar, a adana saƙonnin da rasit, a kai ƙara EFCC ga wanda ke Najeriya. 'Yar uwar tamu ta cike takardun ƙorafi, wata biyu ke nan tana jira. Ta buɗe sabon shafi, ranar Asabar da ta wuce ta ɗora hirarta ta farko da wata mai awara, mutum tamanin da ɗaya suka kalla.