Gargaɗi ga masu a-kori-kura a Gombe: mai kawo shokazoba har ƙofar gida

Assalamu alaikum jama'a. Wannan saƙo na 'yan'uwana ne masu a-kori-kura, musamman masu Hilux da ke jigilar kaya tsakanin Gombe da Kumo, Dukku, Bajoga da Dadin Kowa. Akwai wani mutum da ke yawo a garin nan yana sayar da shokazoban baya, wato ƙarfen da ke hana mota lilo a kan gargada, a cikin kwali mai sheƙi, yana rantsuwa cewa sabo ne fil daga Japan. Wallahi ba sabo ba ne. Matacce ne da aka yi wa ɗure aka fesa masa fenti. Ni ya cuce ni, kuma saura ƙiris in ɗauki alhakin rayukan bayin Allah ta dalilinsa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Motata Hilux ce ƙirar 2008, da ita nake ci da iyalina. Bayan damina sai bayanta ya fara rawa. Ko ƙaramin rami na faɗa sai ta yi ta lilo sau uku sau huɗu kafin ta natsu. Da na leƙa ƙasa na ga shokazoban hagu ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa. Makanikena, dattijo ne da na fi shekara goma ina kai masa mota, ya ce in tanadi kusan naira dubu 90 a sa guda biyu masu kyau, domin ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Lokacin kuɗin makarantar yara ya zo, hannuna babu nauyi. Ana cikin haka na ci karo da tallar mutumin nan a wani zauren sayar da kayan mota na Facebook: shokazoba ƙirar kamfanin KYB guda biyu, dubu 50, har da ɗaurawa kyauta.

Na kira shi na tambayi inda shagonsa yake. Ya ce, "Alhaji, ai ba sai ka wahala ba, kayan suna sito, faɗa min inda kake in kawo maka." Ya ce zai zo da azahar, amma bai iso ba sai dab da magariba, shi da wani yaro da jak da 'yan sifanu a bayan wata ƙaramar mota. Yanzu na gane wannan jinkirin da gangan ne. Duhu yake jira.

Bakinsa da zaƙi, ba ya rabo da ambaton Allah. Ya zaro ɗaya daga kwali ya miƙo min, ya ce in ja in ji. Na ja, na ji tauri ƙwarai. Ya ce, "Ka ji ko? Wannan idan aka sa maka, bayan motar ma sai ya ɗaga, ka ƙara buhu biyar a kan lodinka." Kafin in gama alwala yaron ya kwance tsofaffin. Na dawo daga masallaci na tarar an gama. Sai ya ce zai rage min dubu biyar idan na bar masa tsofaffin, wai masu gwangwan zai ba. Kwalayen ma ya tattara ya mayar cikin motarsa, ya ce kada su yi min shara a ƙofar gida. Na tura dubu 45 cikin wani asusu da sunan da ke kai ba shi ne sunan da ya faɗa min ba. Ya ce na ƙaninsa ne. Na nemi rasit, ya ce zai turo ta WhatsApp. Har yau bai turo ba.

Kwana biyu uku na farko motar ta ɗan natsu, har na sa masa albarka a raina. Rana ta tara ina dawowa daga Dadin Kowa da buhunan shinkafa, lodin da na saba ɗauka ba ƙari, na shiga wata kwana da ke da gargada. Bayan motar ya yi sama ya dawo, ya sake yin sama, sai na ji ta fizge gefe kamar an ja ta da igiya. A gabana akwai mai babur ɗauke da mace da goyo. Na taka birki, tayoyin baya suna tsalle ba sa kama ƙasa yadda ya kamata. Allah ne kaɗai ya tsare, na tsaya a gefen titi tazarar da ba ta kai taku biyu ba tsakanina da su. Na fi minti goma a zaune jikina yana ɓari. Fuskar matar nan har yanzu ina ganinta idan na rufe ido.

Washegari na kai motar gareji. Dattijon ya kwanta a ƙasa ya duba, ya fito yana girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, wa ya sa maka wannan?" Na ce, "Baba, wani ne na samu da sauƙi." Bai yi min faɗa ba. Ya sa yaransa suka kwance su, ya ajiye a kan benci, ya ɗauki wuƙa ya kankare fentin ɗaya daga ƙasa. Ga tsatsa a ƙarƙashin fenti. Ya ƙara kankarewa, sai ga wani ɗan tabo kamar ƙwayar wake, inda aka huda ƙarfen aka sake toshe shi aka shafe da abin cike jikin mota. Ya danna shokazoban da hannu ɗaya, ya shige ba gardama, ya tsaya a nan bai dawo ba. Man da ke tsiyaya daga wuyansa baƙi ne, warinsa na tsohon man inji. Da ya jera su biyun ya miƙar da su, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ɗayan na wata motar ne daban.

A nan ya zaunar da ni ya yi min bayanin da nake so kowa ya ji. Shokazoba bututu ne da aka rufe tun daga masana'anta, cikinsa akwai mai na musamman mara kauri, da wani fistin mai ƙananan ƙofofi da man ke bi idan mota ta yi sama ko ƙasa. Wahalar da man ke sha wajen ratsa ƙofofin nan ita ke kashe lilon mota, ta sa taya ta zauna a kan titi. Irin wanda ake ce wa mai gas kuma an matsa masa iskar naitirojin a ciki don kada man ya yi kumfa idan ya yi zafi. Shi ya sa sabo mai gas yakan zo a ɗaure da wani ɗan madauri, idan ka yanke shi sai ya miƙe a hankali da kansa, ka danna shi ya sake dawowa. Su waɗannan mutanen abin da suke yi, su samo matacce, su huda shi, ragowar iska da mai su fita, su ɗura man inji mai kauri, su toshe, su fesa fenti, su manna takarda. Kaurin man nan shi ne taurin da na ji a hannuna ran nan. Amma robar da ke riƙe mai a wuyansa ta riga ta mutu tun tuni, sandar ƙarfen da ke shiga tana fita ta wuyan ta yi ƙuraje da tsatsa tana cin robar. Da an hau hanya ya ɗauki zafi, man zai tsinke ya fara zuba, cikin 'yan kwanaki ya koma fanko.

Maganar da ya yi cewa bayan mota zai ɗaga, ita ma ƙarya ce, kuma da ita yake kama masu lodi irina. A Hilux sifirin ne ke ɗaukar nauyi, waɗannan faifan ƙarfen da aka jera a kan juna. Idan bayan motarka ya zauna, sifirin ne ya gaji ko wani falle ya karye. Shokazoba ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya. Duk wanda ya ce maka zai ƙara maka lodi, ko bai san aikin ba ko yana son kuɗinka ne.

Ɗaurin ma ba a yi shi daidai ba. Yaron ya ƙulle notocin tamau tun mota tana rataye a kan jak, alhali sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi ake yin ƙullin ƙarshe, in ba haka ba robar bushin, wato robar da ke cikin idon da noti ke shiga, takan murɗe ta yage. Na ga tawa a yage. A jikin sandar kuma ga shaidar haƙoran filaya inda suka damƙe ta, abin da makanike na ƙwarai ba zai taɓa yi ba.

Na kira lambarsa, a kashe. Tallar ta ɓace daga zauren. Da na ba da labari a tasha, direbobi biyu suka ce su ma haka aka yi musu, ɗaya a Tumfure ɗaya a wajen Pantami. Lambar waya daban, sunan da ya ba su daban, amma salon iri ɗaya ne: babu shago, zuwa da yamma, ɗaurawa kyauta, a tafi da tsofaffi da kwalaye. Mun haɗu mu uku mun kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗi da hoton tallar da ɗayanmu ya adana, mun kuma sanar da shugabannin tasharmu. Wanda abin ya shafa kada ya ji kunya ya ɓoye, ya ajiye shaidar tura kuɗinsa ya fito. Akwai kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, duka ana kai musu irin wannan koke.

Ban ce duk mai sayar da kaya ta intanet macuci ba ne, ban kuma ce na hannu haramun ne ba. Akwai 'yan kasuwa masu amana a garin nan da za su ce maka wannan ɗan Beljiyam ne, ga kuɗinsa, ka saya da saninka. Abin da nake roƙo, kada ka saya sai da rana tsaka, a shagon da za ka iya komawa gobe, makanikenka yana tsaye. Ka jera biyun ka ga tsawonsu ɗaya. Ka shafa jikinsu da yatsa daga sama har ƙasa ka ji ko akwai tudu ko tabo a ƙarƙashin fenti. Ka ja sandar ka duba, ta zama sumul tana ƙyalli, babu fenti babu ƙuraje. Ka duba lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwali. Ka karɓi rasit kafin ka tura ko kwabo.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin da na bar masa a kan dubu biyar. Dattijon nan ya ce min, "Alhaji, ai su ne jarinsa. Naka da ya tafi da su, su zai wanke ya kai wa wani." Tun daga ranar duk shokazoban da ya kwance a garejinsa sai ya sa an lanƙwasa sandar da guduma kafin a ba masu gwangwan. Ina roƙon sauran makanikai su yi haka, masu motoci kuma su tsaya a yi a gabansu.

Nawa guda biyun suna nan wani wuri a garin nan, wataƙila an riga an fesa musu fenti. Na hagun yana da lotsawa kamar faɗin babban yatsa a ƙasa, dab da idon da noti ke shiga, inda dutse ya taɓa bugunsa a hanyar Dukku. Fenti ba zai ɓoye ta ba. Idan aka miƙo maka kwali ka buɗe ka ga wannan lotsawar, don Allah kada ka bari a ɗaura maka shi, ka riƙe mutumin da magana ka kira 'yan sanda.