Shafin intanet ko WhatsApp: wanne ya dace da mai zoɓo da riɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kana tara zoɓo da riɗi a ƙauyukan Gumel da Maigatari, wani matashi kuma ya ce ka biya shi ya gina maka shafin intanet, shi ne kake tambaya ko WhatsApp da Facebook ɗinka sun wadatar. Ka fara duba mai sayen kayanka: wanda ya san ka ne, ko baƙon da bai taɓa jin sunanka ba?

In dillalan Dawanau ne da 'yan kasuwar Alhamis ta Maigatari, WhatsApp Business ya ishe ka. Kyauta ne, ba ya cin data sosai, akwai wurin jera kaya da hoto da farashi. Ka kwance bakin buhu, ka ɗebo zoɓo a tafin hannu, ka ɗauki bidiyo a hasken rana, mutum ya ga jansa da bushewarsa, ya ga babu ƙasa babu tsakuwa. Ka bi da saƙon murya, kafin la'asar ciniki ya faɗa. Matsalarsa ita ce abin da ka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma Google ba ya ganin abin da ke cikin WhatsApp. Wanda ba shi da lambarka ba zai same ka ba. Facebook ya fi shi kai wa baƙi, amma zaman haya ne, ranar da aka yi maka kutse ko aka rufe asusunka, mabiyanka sun tafi.

Shafin kanka kuwa na baƙo ne. Zoɓon ƙasar nan har Meziko ake kai shi, riɗi kuma Japan da Turkiyya, kuma masu fitar da kaya daga Legas da Turanci suke bincike a Google. Irin waɗannan suna son ganin adireshi da lambar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin su tura kuɗi. Sai dai shafi yana cin kuɗi duk shekara: kuɗin suna, wato adireshin shafin, kamar mai ƙarewa da .com.ng wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, da kuɗin ma'ajiyar da shafin zai zauna.

Kuma ba a gina shi yau ya fito a Google gobe, yakan ɗauki watanni. Sai an rubuta abin da mai saye ke nema: sunan kayan, Jigawa, tan nawa kake iya haɗawa, wane wata sabon kaya ke shigowa. Hotuna su zama marasa nauyi don su buɗe a waya ko sabis ya yi rauni. A haɗa shi da Google Search Console, wurin da ake sanar da Google shafin kuma a ga yadda yake fitowa a bincike, kyauta ne. Duk wanda ya ce zai kai ka sahun farko cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi damuna shi ne mallakar suna, don ya taɓa faruwa da ni. Wanda ya gina min shafi da imel ɗinsa ya yi rajista. Da shekara ta zagayo ya canza layi, shafin ya mutu, ga shi na riga na buga adireshin a katina da jikin buhuna. Don Allah in za ka yi, a gabanka za a yi rajistar, da imel ɗinka da lambarka.

Ni dai da ni ne kai, bana WhatsApp Business zan riƙe, in yi rajistar CAC, in sa rumbuna a taswirar Google ta Business Profile, wanda shi ma kyauta ne. Ranar da ka fara cika tirela kai kaɗai, sai ka kira matashin nan ya yi maka shafi mai fuska ɗaya, da maɓallin da zai kawo mai saye kai tsaye cikin WhatsApp ɗinka.